Yadda zaka haɗa tarihin tsohon soja kuma ɗan coci, tun yana raye ko bayan ya tafi gida

Ranar da kakana na wajen uwa ya yi barci cikin Ubangiji, tun ba a gama kiran 'yan uwa a waya ba aka juyo kaina aka ce ni zan rubuta tarihinsa da za a karanta a sujadar jana'iza, kuma kwana huɗu kacal aka ba ni. Mutum ya haura shekara casa'in a duniya, ya sa kaki ya je yaƙin Bama (ƙasar Myanmar ta yau) lokacin yaƙin duniya na biyu ya dawo, ya yi sama da shekara sittin yana zama a benci ɗaya a coci, amma da na ɗauki biro sai na ga duk abin da na sani a kansa bai cika rabin shafi ba. Abin ya yi min ciwo sosai, har yau in na tuna sai na ji wani iri. Shi ya sa nake rubuta wannan, don duk wanda ke da irin wannan tsohon a gida ko a ikilisiya kada abin ya zo masa ba shiri kamar yadda ya zo min.

In tsohon naku yana raye, toh dan Allah ka bar karatun nan a tsakiya ka je ka zauna da shi, sauran bayanin zai jira ka. Wayar hannunka ta isa, ka kunna rikoda ka ajiye ta kusa da shi a kan wani abu mai taushi don kada ta riƙa ɗaukar ƙarar tebur, ka kashe fanka da talabijin, sannan ka gaya masa gaskiya kace Baba ina ɗaukar muryarka ne don jikoki. Kada ka ɗauka a ɓoye. Kuma kada ka wuce minti 40 zuwa awa ɗaya a zama guda, tsoho yana gajiya ko bai faɗa ba, gara ka zo sau shida a hankali da ka matse shi rana ɗaya. Da safe sun fi tuna abu, da yamma galibi kai ya yi nauyi. A farkon kowane rikodin ka faɗi kwanan wata da sunansa da naka, zaka ga kamar ba komai bane yanzu amma nan da shekara 20 wanda zai saurara zai gode maka.

Yanzu maganar tambaya, wadda ita ce inda yawancinmu muke ɓata abin. Kada ka taɓa buɗe baki kace "Baba mutum nawa ka kashe". Kada. Ko da wasa. Tambayar nan tana rufe bakin tsohon soja ruf, wani ma daga ranar ba zai ƙara yarda ya yi maka zancen ba. Ka fara da ƙananan abubuwa: wa ya raka ka ranar da aka ɗauke ku, yaya takalmin farko ya yi maka a ƙafa, me ka ji ranar da ka fara ganin teku, wa ke rubuta muku wasiƙa zuwa gida, wace waƙa kuke yi a fareti, waye abokinka na kusa, ya dawo ko bai dawo ba. Wannan ta ƙarshen ka yi ta a hankali, in ka ga idonsa ya kawo ruwa ka yi shiru kawai, kada ka yi saurin cike wurin da surutu, shirun nan ma labari ne. In yace a bar zancen, a bar shi. Kakana bai taɓa gaya mana abin da ya gani a daji ba, abin da muka sani dai shi ne in ruwan sama ya yi ƙarfi da dare ba ya barci, sai ya tashi ya zauna da Littafi Mai Tsarki a cinya har gari ya waye. Sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka suka sa ciwon firgitar da ke bin mutum bayan bala'i cikin jerin cututtuka da suna nasa, kaga kenan mazan da suka dawo a 1945 da 1946 sun yi shekara talatin da wani abu suna ɗauke da kayan da ko suna babu wanda ya ba shi, da yawansu coci ce kaɗai wurin da suka samu suka sauke. In ka fahimci wannan zaka gane me ya sa tsohon bai wasa da sujadar safe.

Toh in kuma ya riga ya tafi, kamar yadda ya faru da ni, sai ka fara da akwatinsa. Kusan kowane tsohon soja yana da wani akwati ko jaka ko gwangwani da ba ya bari yara su taɓa. Ka nemi izinin Mama ko babban ɗa tukun, sannan a buɗe a gaban mutum biyu ko uku don kada gobe wani yace an ɗauke wani abu. Abin da kake nema na farko shi ne takardar sallama daga aikin soja. Ita ce uwar takardu, a ciki zaka ga lambarsa ta soja, muƙaminsa, rundunarsa, ranar shiga da ranar fita, wani lokaci har da shaidar halinsa da hafsan da ya sallame shi ya rubuta. Bayan ita sai littafin albashi, katin fansho, katin ƙungiyar tsofaffin sojoji, hotuna, wasiƙu, da lambobin yabo.

Bari in ba ku labarin abin da takardar nan ta ceto ni daga shi. Duk gidanmu mun tashi muna jin ana cewa kaka samanja ne, haka kowa ke faɗa, har na riga na rubuta hakan a daftarin farko. Da muka buɗe akwati sai ga takarda ta ce kofur, direban mota. Igiya biyu. Ashe "samanja" ɗin laƙabi ne da 'yan kwaya suka sa masa saboda yadda yake tsare lokaci. Wasu a gida suka ce a bar shi a samanja mana, waye zai sani. Na ƙi. Don a cikin masu zuwa jana'iza akwai tsofaffin sojoji, su kuwa muƙami ba abin wasa bane a wurinsu, kuma mutumin da bai taɓa ƙara wa kansa igiya ba yana raye me zai sa mu ƙara masa bayan ya mutu? Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Na rubuta kofur, na kuma ba da labarin laƙabin, aka yi dariya a coci ana hawaye, ya fi daɗi nesa ba kusa ba.

Lambobin yabo su ma suna magana in ka iya karanta su. Waɗanda suka yi yaƙin duniya na biyu ƙarƙashin Birtaniya, in ka ga tauraro mai kusurwa shida da kirtani ja a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ruwan lemo, wannan Tauraron Bama ne, ana ba wanda ya yi aiki a fagen Bama tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945. Amma ka sani na yaƙi na biyu da Birtaniya ta raba wa sojojinta galibi babu suna a jiki, saɓanin na yaƙin farko da ake buga suna da lamba da runduna a jikinsu, don haka lambar yabo kaɗai bata isa shaida ba sai ka haɗa da takarda. Kuma kada ka goge su da man goge ƙarfe don su yi ƙyalli, kada ka wanke kirtanin, ƙyalle mai taushi busasshe ya wadatar.

In takardar sallama ta ɓace, kada ka karaya, amma kada ka sa ran samun kwafi kafin jana'iza don irin wannan neman yana ɗaukar watanni. Inda zaka nema ya danganta da ƙasar da ya yi wa aiki. Wanda ya yi sojan Amurka takardarsa ana ce mata DD-214, ana nemanta a cibiyar ajiyar bayanan ma'aikata da ke Sent Luwis, sai dai gobarar 12 ga Yuli 1973 ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18 a wurin, har da kusan kashi 80 cikin ɗari na sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960, shi ya sa wani lokaci sai su haɗa maka bayani daga takardun albashi da na asibiti. Na Birtaniya ana neman su ta ma'aikatar tsaro da kuma babbar ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kiyu a Landan, na Faransa kuma akwai ma'ajiyar tarihin soja a Binsen kusa da Faris. In an taɓa kama shi fursunan yaƙi, kwamitin Red Cross na duniya a Janiba yana da bayanan fursunonin yaƙe-yaƙen duniya biyu. Ko ina kake dai, ƙungiyar tsofaffin sojoji mafi kusa da ofishin fansho su ne ƙofar farko, ka tafi da lambarsa ta soja in ka same ta, don da suna kaɗai nema yana wahala, musamman da yake akawun da ya ɗauke shi aiki wataƙila ya rubuta sunan yadda kunnensa ya ji ne.

Wani abu da mutane basa tunawa: abokin nan da bai dawo ba. Hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashen Kwamanwel tana da sunayen mutum kusan miliyan 1.7 da suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya biyu, kuma ana dubawa kyauta a intanet. A maƙabartar Taukiyan kusa da birnin Yangon a ƙasar Bama akwai ginin tunawa mai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. In tsohonku ya taɓa ambatar sunan aboki, gwada nema, in ka samu kuma tsohon yana raye ka nuna masa. Ban san kyautar da ta fi wannan ba.

Daga nan sai ka zauna da takarda doguwa ka ja layin shekaru, daga haihuwa zuwa ƙarshe, ka riƙa sa kowane abu a gurbinsa. Wannan ne zai kama maka kurakurai. Yaƙin duniya na biyu 1939 zuwa 1945, a Turai ya ƙare 8 ga Mayu, na Jafan sai 15 ga Agusta aka sanar, aka sa hannu 2 ga Satumba. A Bama, runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta yi faɗa a kwarin Kaladan a 1944, ta 82 kuma a Arakan daga ƙarshen 1944 zuwa 1945. Yaƙin Koriya 1950 zuwa 1953. Aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango 1960 zuwa 1964. Yaƙin basasar Najeriya Yuli 1967 zuwa Janairu 1970. Yaƙin Biyetnam ya ƙare Afrilu 1975. Dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya sun shiga kudancin Labanon a 1978, ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ta shiga Laberiya Agusta 1990. Toh in 'yan uwa sun ce Baba ya yi yaƙin Hitila amma takarda ta nuna an haife shi wajen 1935, kaga lissafi bai hau ba tunda yana da shekara 10 aka gama, mai yiwuwa Kwango ya je ko wani wuri labarin ya cakuɗe a baki. Shekarar haihuwa ma ka yi hattara, samari da yawa sun ƙara wa kansu shekaru don a ɗauke su, wasu kuma dama ba a rubuta ranar ba. In babu tabbas ka rubuta "wajen shekara kaza", ba abin kunya bane. Kada ka biye wa masu son a ce ya kai 110 don abin ya yi armashi.

Yanzu kalli layin nan da ka ja da kyau. Zaka ga kakin bai ci fiye da ɗan yanki ba, wani shekara huɗu, wani goma, wanda ya daɗe ya yi talatin da 'yan kai. Sauran doguwar tafiyar duk a gida da wurin aiki da coci aka yi ta. Amma in ka saurari yawancin tarihin da ake karantawa, sai ka ji an cika shafi biyu da yaƙi sannan a ce "ya kasance mai ƙwazo a ikilisiya" layi ɗaya shikenan an wuce. Ni a ganina wannan zalunci ne ga tsohon. Yaƙi an kai shi ne, umarni aka ba shi. Coci kuwa da ƙafarsa ya riƙa zuwa, Lahadi bayan Lahadi, shekara sittin ya haura Lahadi 3,000, ba wanda ya busa masa begila.

Don haka ka je ofishin coci kamar yadda ka je wa akwati. Ka gaida Baba Fasto ko Fada, ka roƙi a duba maka rajistar baftisma da ta aure, da littafin taron dattawa in ya taɓa zama dattijo ko dikon ko ma'aji, don ka samu shekarun daidai. In ya yi ƙaura a rayuwarsa wataƙila rajistar baftismar tana tsohuwar ikilisiyarsa, a kira su. Amma takarda ba zata ba ka mutumin ba, sai ka zauna da mutane. Nemi mai shara da mai buɗe ƙofa kafin ka nemi manyan, su suka san wa ke fara zuwa. Nemi tsofaffin zumuntar mata, nemi 'yan kwaya, nemi waɗanda ya koyar a makarantar Lahadi da yanzu sun yi furfura. Kuma kada kace musu "yaya halinsa", zasu ce maka mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai tsoron Allah, wanda haka ake faɗa wa kowa. Ce musu "Mama, ki tuna min rana ɗaya da ya yi wani abu da ba ki manta ba". Nan ne zaka ji abin mamaki. A nan ne na ji cewa kakana ya yi shekaru yana biya wa wata gwauruwa kuɗin makarantar ɗanta ta hannun ma'ajin coci da sharaɗin kada a faɗi sunansa, ko kakata bata sani ba. Na tambayi matar ko ta yarda a faɗa, tace a faɗa amma a ɓoye sunanta, haka aka yi. Ka riƙa neman izini irin wannan, labarin ba na tsohon kaɗai bane.

Sai kuma Littafi Mai Tsarkinsa, nasa na kansa da ya tsufa a hannunsa. Ni a nan na fi daɗewa kuma a nan na fi kuka. Ka riƙe shi a tafin hannu ka bar shi ya buɗe da kansa, inda ya buɗe nan ne ya fi karantawa. Duba gefen shafukan da suka yi baƙi da gumin yatsa, duba inda ya ja layi, duba shafin farko da na ƙarshe don tsofaffi da yawa nan suke rubuta ranakun haihuwar 'ya'ya da ranakun rasuwa, duba 'yan takardun da ya cusa a ciki, katin baiko, tsohon hoto, jerin sunayen da yake wa addu'a. Kada ka ciro su ka tara wuri ɗaya, ɗauki hoton kowanne a shafin da ka same shi tukun, don inda ya sa shi ma yana da ma'ana. Kowa in an ce tsohon soja ya rasu sai ya ruga 2 Timoti 4:7, maganar yin yaƙi mai kyau da gama tsere da riƙe bangaskiya, ko Zabura 90:10 da ke zancen shekara saba'in ko tamanin in da ƙarfi, ko Zabura 91 da sojoji da yawa ke so. Duk suna da kyau, babu laifi. Amma in littafinsa ya nuna maka wata aya daban, ita zaka ɗauka. Na kakana a Ishaya 2:4 ya buɗe, inda ake cewa za a mai da takuba garemani, al'umma ba zata ƙara koyon yaƙi ba, ya ja mata layi har biro ya kusa huda takardar. Mutumin da bai taɓa gaya mana ra'ayinsa kan yaƙi ba, ashe ya rubuta shi a nan. Haka ma littafin waƙoƙinsa, ka duba lambar da ya lanƙwasa ka kai wa shugaban kwaya da wuri don su samu yin gwaji.

Toh an tara kaya, saura rubutu. Abu biyu ne daban, kada ka haɗa su. Akwai gajeren tarihi da ake bugawa a takardar tsarin sujada ko a sa a Facebook, akwai kuma jawabin da za a tsaya a faɗa da baki. Na bugawa shi ne mai sunaye da shekaru: haihuwa, iyaye, karatu, soja, aiki bayan soja, aure, hidimar coci, waɗanda ya bari. Wajen jerin waɗanda ya bari ɗin nan ka yi taka-tsantsan sosai, suna ɗaya in ya faɗi zai iya jawo gabar shekara goma, ka tura daftarin ga mutum uku daga ɓangarori daban na iyali su duba, har da yadda kowa ke rubuta sunansa, kuma ka yanke musu lokaci kace zuwa ƙarfe kaza za a kai wurin bugawa. 'Ya'yan da suka riga shi tafiya a ambace su, matarsa ta fari in ta rasu a ambace ta. Abin da zaka sa a intanet kuma ka cire cikakkiyar ranar haihuwa da lambar soja da adireshin gida, kada ka ɗora hoton takardar sallama yadda take, 'yan damfara na amfani da irin waɗannan wajen bin fansho da asusun mamaci.

Na baki kuwa minti biyar ya isa, wato kalma 600 zuwa 700 in kana karantawa a natse. Zaɓi labari uku, huɗu in ya yi yawa. Ɗaya daga kaki, ɗaya daga gida, sauran daga coci, ko yadda rayuwarsa ta ba ka. Ka sa kalmominsa na kansa, irin abin da yake yawan faɗa da kowa zai ji ya gyaɗa kai. Ka guji jera sifofi. Maimakon kace mai tsare lokaci ne, ce minti 30 kafin sujada yana ƙofa da makulli, ranar da fasto ya makara ya nuna masa agogo a gaban kowa. Sun riga sun gane.

Sai maganar da ba a so a taɓa. Ɗan adam tara yake bai cika goma ba, kuma mazan da suka dawo daga fagen daga wasunsu sun dawo da zafin rai, wasu da kwalba, wasu sun yi wa 'ya'yansu riƙon bariki har yaran suka girma suna tsoronsu. 'Ya'yan nan suna zaune a layin gaba suna jin ka. In ka tsaya kace bai taɓa ɗaga murya ba, ka yi musu ƙarya a gidan Allah kuma ka sa sun ji kamar abin da suka sha ba a gani ba. Ba kuma wurin tonon asiri bane. Akwai hanyar tsakiya, kace Baba mutum ne mai tsanani, mu da muka tashi a hannunsa mun sani, kuma mun ga yadda Ubangiji ya yi ta tausasa shi har jikoki suka same shi wani mutum daban. In gaskiya ce ka faɗa haka, ai shaida kenan, kuma ikilisiya ta fi kowa sanin darajar irinta. Amma ka karanta wa Mama da manyan 'ya'ya wannan sashen kafin ranar, in sun ce a cire, cire.

Game da karramawar soja a jana'iza, ka sanar da ƙungiyar tsofaffin sojoji ko barikin da ke kusa tun ranar farko, zasu nemi takardar sallama. Kowace ƙasa da tsarinta, a Amurka misali tun shekarar 2000 doka ta ce in iyali sun nema a turo aƙalla sojoji biyu cikin kaki su naɗe tuta su miƙa wa iyali a kuma busa begilar bankwana. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka haɗa shugaban sojojin da fasto su yi magana kafin ranar, wa zai fara wa zai biyo, tuta zata shiga cikin coci ko a ƙofa zata tsaya, don ikilisiyoyi sun bambanta a nan kuma ba a bakin kabari ya kamata a yi gardamar ba. In za a harba bindiga a gaya wa tsofaffi da masu yara tun da wuri, musamman sauran tsofaffin sojojin. In wani ɗa ko jika zai sa lambobin yabon marigayi a ƙirji, a ƙasashen Kwamanwel a dama ake sawa, hagu ta mai lambar ce da kansa.

Ranar karatu ka buga jawabin da manyan haruffa, ka ba wani kwafi ya tsaya kusa da kai don in murya ta ƙi ya karɓa ya ƙarasa. Ka gwada karantawa da ƙarfi sau uku a gida, wurin da ka san zai karya ka ka sa masa alama ka ja numfashi kafin ka iso shi. In abokan aikinsa na soja suna wurin, ko mutum ɗaya ne ya rage a keken guragu, ka ambace shi ka ba shi girmansa.

Bayan an watse ne aikin ajiya ke farawa, kuma nan ne kaya ke ɓacewa, kowa ya ɗauki hoto ɗaya "don tunawa" sai a wayi gari akwatin ba komai. Kafin kowa ya koma, a ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya a haske mai kyau ko a yi sikanin, a tura wa duk 'ya'ya, a ajiye a wuri uku daban, kada a dogara da WhatsApp kaɗai don yana rage ingancin hoto kuma waya na ɓacewa. Takardun asali kada a yi musu laminetin, zafi da roba suna lalata su kuma ba a iya cirewa, kada a manna salatif, a sa su a kwance cikin fayil a wuri busasshe nesa da rana. Bayan hoto a rubuta sunaye da fensir mai taushi, biro yana hudowa ta gaba, kuma a yi haka yanzu da Mama ke nan tana gane fuskoki. In akwai tsohon kaset mai muryarsa a mai da shi cikin kwamfuta da wuri tun bai manne ba. Sai iyali su zaɓi mutum ɗaya da zai riƙe akwatin, a rubuta jerin abin da ke ciki kowa ya gani, a kuma kai kwafin tarihin ofishin coci a sa a fayil ɗinsu. In babu mai iya riƙewa, gidajen tarihin soja na karɓar irin waɗannan kaya, ɗakin karatu na majalisar Amurka ma yana da shirin tara labaran tsofaffin sojojinsu tun 2000, sai ka tambayi na ƙasarku sharuɗɗansu kafin ka kai.

Namu akwatin yana hannun ƙanwar mamata, Littafin kuma yana wurina, ban ciro ko takarda ɗaya daga inda ya sa ta ba.